Mace da babur a filin tsere: yadda ake shirya ranar atisaye a Ingila da abin da take ci

A Ingila akwai ranakun da ake buɗe filayen tseren babura ga duk mai cikakken lasisi, ya zo da babur ɗinsa ya hau. Ba gasa ba ce. Ba a bayar da kofi, kuma yawancin masu shiryawa sun hana ɗaukar lokacin zagaye saboda sharaɗin inshorarsu. Abin da kike saya da kuɗinki shi ne kwalta mai kyau wadda kowa ke bi ta fuska ɗaya, babu mota, babu mahaɗar hanya, babu iyakar gudu, ga masu tuta a kwanoni, ga motar asibiti a tsaye tun safe har yamma. Mata suna zuwa, ko da yake har yanzu ba su da yawa, sau da dama za ki ƙirga su da yatsun hannu ɗaya cikin mahaya sama da ɗari.

Wadda ba ta taɓa zuwa ba takan duba kuɗin tikiti ta ɗauka shi ke nan. Tikiti shi ne ƙaramin kuɗi. Babban kuɗi yana tafiya ne wajen kayan kariya da suka zauna wa jikin mace daidai, da gyara babur ya dace da nauyinta, da taya, da kuma ajiyar da za ta ɗauki asarar faɗuwa idan ta zo. Farashin da za ki gani a ƙasa kiyasi ne na 'yan shekarun nan da fam na Ingila, yana hawa yana sauka, sai ki duba na ranar da za ki saya.

Lasisi da zaɓen fili

Takardar CBT ta masu koyo ba ta shigar da ke. Ana neman cikakken lasisin babur: A2, wanda ake samu daga shekara 19 kuma ya tsaya a kan babur mai ƙarfin kilowat 35, ko A mara iyaka, wanda ake samu kai tsaye daga shekara 24. Katin lasisin da kansa za ki nuna da safe, hoto a waya ba lallai ya karɓu ba. Idan lasisinki na wata ƙasa ne, Najeriya ko Nijar ko Ghana, rubuta wa masu shiryawa tun kafin ki biya, su amsa miki a rubuce.

Manyan masu shirya waɗannan ranaku sun haɗa da MSV, kamfanin da ke tafiyar da Brands Hatch, Donington Park, Oulton Park, Snetterton da Cadwell Park, sai kuma No Limits da ke hayar filaye daban-daban. Ana raba mahaya rukuni uku: sababbi, matsakaita, da masu sauri. Kowane rukuni yana shiga minti 20 ya fito ya huta minti 40, a wuni ana samun shiga shida ko bakwai. Ki zaɓi rukunin sababbi ko da kin shekara goma kina hawa a titi. Idan malamai suka ga kin fi ƙarfin rukunin, da kansu za su matsar da ke gaba.

Ba kowane fili ne ya dace da ranar farko ba. Ƙaramin zagayen Brands Hatch a Kent kilomita 1.9 ne kacal, kwanoninsa kaɗan ne, za ki haddace su kafin azahar, sai dai yana da cunkoso kuma kwanarsa ta farko, Paddock Hill, gangara ce mai tsinka zuciya. Snetterton a Norfolk shimfiɗaɗɗe ne, kusan kilomita 4.8, yana da dogayen miƙaƙƙun hanyoyi inda hannu da ƙwaƙwalwa ke samun numfashi. Donington faɗi gare shi da filin kuskure a gefe, amma ya fi tsada. Cadwell Park a Lincolnshire kuwa siriri ne, hawa da gangara, itatuwa da shinge kusa da kwalta. Fili ne mai daɗi ƙwarai, amma mu dai ba mu ba wa sabuwar shiga shawarar ta fara da shi.

Tikitin wuni yana kamawa daga kimanin fam 120 a tsakiyar mako ko farkon shekara zuwa 250 ko fiye a manyan filaye lokacin zafi. Akwai na yamma kawai, shiga uku ko huɗu, a ƙasa da fam 100, kuma hanya ce mai kyau ta ɗanɗanawa. Ruwan sama ba ya sa a mayar da kuɗi. Akan kuma shirya ranakun mata zalla jefi-jefi. Maria Costello, wadda ta kafa tarihin gudun mata a zagayen gasar tseren babura ta TT ta tsibirin Man a 2004 kafin Jenny Tinmouth ta karya shi, tana cikin waɗanda suka daɗe suna shirya irinsu. Amfaninsu shi ne ba kya jin idon kowa a kanki, kuma ana samun malamai mata da za ki tambaya abin da ba za ki tambayi namiji ba.

Kayan jiki

Nan ne mata suka fi shan wahala, nan kuma suka fi yin asarar kuɗi.

Ana buƙatar rigar fata mai haɗe da wando, ko riga da wando daban waɗanda zif ya haɗe su ya zagaye ƙugu gaba ɗaya. Ɗan guntun zif na baya ba ya wucewa, kayan yadi da wandon jins ma haka. Matsalar ita ce yawancin rigunan da ke rataye a shaguna an yanka su ne a jikin namiji: faɗin kafaɗa, dogon hannu, matsattsen ƙugu. Mace ta sayi wadda ta shige ta a ƙugu, sai ta tarar hannun ya yi mata tsawo, kariyar gwiwar hannu ta sauko tsintsiyar hannu, ta gwiwa ta zame zuwa ƙwauri. Kariyar da ba ta zauna a kan gaɓa ba, ranar faɗuwa juyawa take yi ta bar ƙashi a fili. Fata mai yalwa kuma tana naɗewa idan kina zamewa a kwalta, ta kama ƙasa ta wuntsila ki, kuma wuntsilawa ce ke karya ƙashi, ba zamewa ba.

Ga yadda za ki gwada riga. Sa kariyar baya tukuna, da siririyar rigar ciki mai santsi. Ja zif har wuya. Kada ki yi hukunci a tsaye, domin rigar tsere an ɗinka ta ne a lanƙwashe, a tsaye dole ta ja ki a kafaɗa. Ki durƙusa kamar kina kan babur, hannuwa gaba, gwiwoyi a tanƙwashe, ki sa wani ya kama kariyar gwiwar hannu da ta gwiwa ya yi ƙoƙarin juya su. Idan suka juya cikin sauƙi, rigar ta yi miki yawa. Ki kuma ja dogon numfashi. Idan ƙirji ya hana ki cika huhu, ta yi kaɗan a inda fata ba za ta saki sosai ba.

Dainese da Alpinestars da RST duk suna da yankan mata, daga kimanin fam 400 zuwa 900. Idan jikinki bai shiga ma'aunin shago ba, ɗinki na musamman yana farawa wajen fam 700 ya haura 1,000. Akwai hanya ta uku da ta fi sauƙi: ki sayi ta hannu mai kyau a fam 150 zuwa 300, ki kai wa masu gyaran rigar fata su rage hannu da ƙafa su matsar da aljihun kariya. A ta hannu ki duba ɗinkin kafaɗa da na mazaunai da zif, ki guji wadda fatarta ta bushe tana tsagewa. Ki nemi alamar AAA, wato matakin kariya mafi girma a gwajin kayan babur, a kan sabuwa. Riga da wando masu zif suna da wata fa'ida da mata suka sani: zuwa banɗaki sau shida a wuni da riga mai haɗe aiki ne, ga shi kuma dole ki sha ruwa da yawa.

Kariyar baya ki sayi mai mataki na 2, wadda a gwaji ba ta barin ƙarfin bugu ya wuce rabin abin da mai mataki na 1 ke bari. Tsawonta ya dace da bayanki: idan ta yi tsawo za ta riƙa tunkuɗo hular kwano gaba duk lokacin da kika kwanta a kan tanki, ta rufe miki gani. Fam 60 zuwa 150. Rigar iska mai kumbura lokacin faɗuwa tana kaiwa fam 400 zuwa 700, ba dole ba ce, amma idan kina da niyyar saye ki gwada rigar fatar tare da ita, don tana buƙatar sarari.

Hular kwano mai rufe fuska gaba ɗaya, ba mai ɗaga haɓa ba, da alamar gwajin tsaro ta ECE 22.05 ko sabuwar 22.06, kuma masu shiryawa da yawa suna son ganin tambarin zinare na ACU, hukumar wasan babura ta Birtaniya. Kada ki sayi hula ta hannu, ba ki san bugun da ta sha ba. Fam 200 zuwa 500 ya isa. Ki gwada ta da irin kitson da za ki zo da shi ranar. Kwantaccen kitso mai tafiya baya shi ne daidai; shuku ko tarin gashi a tsakar ka yana ɗaga hula, ya sa ta riƙa girgiza da zarar gudu ya yi nisa. Mai rufe kai ta sa siririyar hular auduga mai shiga kamar safa, ta tura ƙarshenta cikin wuyan riga. Babu fil, babu allura, babu maƙalin ƙarfe a ƙarƙashin hular kwano, ko kaɗan. 'Yan kunne da awarwaro da zobe duk a cire; yatsan da ya bugu yana kumbura nan da nan, sai an yanka zoben. Wadda ba ta son yawo a gareji da matsattsun kaya ta zo da doguwar riga mai buɗewa ta gaba ta ɗora, ta cire kafin ta hau, domin duk abin da ke lilo yana iya shiga sarƙa.

Safar hannu ta fata mai tsawo wadda ta hau kan hannun riga, da maɗauri biyu, fam 80 zuwa 200. Yatsun su cika ta. Ragowar fata a bakin yatsa tana maƙalewa a bayan hannun birki. Takalmi mai tsawo mai kare idon sawu, fam 150 zuwa 350, kuma ƙananan lambobi suna wuyar samu, ki fara nema da wuri. Toshiyar kunne 'yan kwabbai ce, amma ƙarar iska a cikin hula tana gajiyar da mutum tana kuma cin ji a hankali.

Babur: wanda kike da shi, amma a daidaita shi

Ba sai kin sayi babur na tsere ba. Kawasaki Ninja 400, Yamaha R3, Suzuki SV650, duk suna yin ranar atisaye lafiya, sirdinsu bai wuce milimita 780 zuwa 785 ba, tayoyinsu na daɗewa, man da suke sha kaɗan ne. Yamaha R6 tana da sirdi mai milimita 850, kuma ƙarfinta sai injin ya yi sama sosai yake fitowa. Ƙaramin babur ya fi koyar da kwana, don ba ki da ƙarfin injin da za ki rufe kuskure da shi. Ana Carrasco ta Sifen da ƙaramin Kawasaki ta ci gasar duniya ta ajin 300 a 2018, mace ta farko da ta yi hakan.

Gajeriyar mace takan so a sauke babur da ƙarfen ragewa a shokozobar baya. A titi yana da amfani, a fili kuwa yana rage tazarar babur da ƙasa, sai matakin ƙafa ko salansa ya fara gogar kwalta tun ba ki kwanta sosai ba, kuma idan ƙarfe mai tauri ya daki ƙasa yana ɗage taya. A fili ba a sauke ƙafa sai a gareji. Gara a rage soson sirdi da santimita biyu, ki koyi zamewa gefe ki dafa ƙasa da ƙafa ɗaya.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne sifirin na shokozoba. Kamfanoni suna sa sifirin da zai ɗauki namiji matsakaici, wani lokaci har da fasinja. Mace mai kilo 55 ko 60 ba ta danna shi yadda ya kamata, sai babur ya riƙa tsalle a kan ƙananan gargada, tayar baya ta yi sauƙi wajen taka birki, mahayiya ta ji ba ta san abin da gaba ke yi ba. Da yawa sukan ɗauka tsoro ne ko rashin iyawa, alhali babur ne bai zauna ba.

Aunawa na buƙatar mutum biyu da tef na awo. A baya, ki manna ɗan salatif a jikin babur daidai saman ƙarfen tsakiyar taya. A ɗaga baya har taya ta bar ƙasa, a auna daga ƙarfen zuwa alamar, a rubuta. A sauke babur ya tsaya da nauyinsa, a sake aunawa. Sannan ki hau da cikakkun kaya, ƙafafu a kan mataki, wani ya riƙe, a auna na uku. Bambancin na farko da na uku shi ne nutsewar babur da ke a kai: ana son milimita 25 zuwa 30 a baya, 30 zuwa 35 a gaba. Idan bai kai ba, a sassauta matsin sifirin. Bambancin na farko da na biyu kuma shi ke tona asirin sifirin ɗin kansa: a baya ana son milimita 5 zuwa 10. Idan sai da aka sassauta matsi har ƙarshe kafin ki samu naki adadin, babur kuma yana nutsewa da yawa shi kaɗai, to sifirin ya yi miki tauri, a canza shi da mai laushi. Sifirin na baya wajen fam 100 ne, na gaba ma kusan haka, ban da ladan bakanike. A yawancin ranakun atisaye akwai motar masu gyaran shokozoba da za su daidaita miki a fam 40 zuwa 60, kuma cikin duk kuɗin da za ki kashe a babur babu wanda ya kai wannan amfani.

Hannun birki da na kuloci a matso da su kusa yadda gaɓar farko ta yatsu biyu za ta kama ba tare da kin saki totur ba, amma ki matse da ƙarfi ki tabbata hannun birkin bai taɓa sauran yatsunki ba. Masu shiryawa da dama yanzu suna neman ƙarfen kariya a gaban hannun birki, don kada wani ya goge ki birki ya kama da kansa. Fam 30 zuwa 60.

Sauran dubawa a yi su mako guda kafin ranar, ba a fafe gora ranar tafiya. Takalmin birki ya kasance da sauran fiye da rabi. Man birki idan ya shekara biyu a zubar a sa sabo: DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma yana shan danshi, wanda ya tsufa yana iya tafasa a 155, kuma idan ya tafasa hannun birki sai ya tafi har jikin roba babu kamu. Baƙin mai ya kai alama, notin ƙasan injin da matatar mai a ɗaure, babu ɗigo ko ɗaya. Sarƙa a shafa mata mai, a bar ta da ɗan saki bisa ma'aunin littafin babur. Wadda aka ja da yawa tana hana shokozoba aiki. Madubai a cire ko a rufe da salatif, fitilu ma a manne su don kada gilashi ya watse. Ki rufe allon gudu ma, kallonsa a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya ba ya ƙara miki komai sai firgici.

Taya ta wasan titi mai kyau ta ishi sabuwar shiga, ba kya buƙatar ta tsere mara zane ko bargon ɗumama taya. Ki duba lamba huɗu da ke gefenta: 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Wadda ta wuce shekara biyar, ko wadda tsakiyarta ta baje saboda tafiyar babbar hanya, a canza. Biyu suna kamawa fam 280 zuwa 400 da ɗaurawa. Iskar titi, sau da yawa 36 gaba 42 baya a ma'aunin psi, ta yi yawa a fili, domin zafi yana ƙara ta, fuskar da ke taɓa ƙasa ta ragu. Ga tayar titi akan fara da wajen 30 gaba 30 baya tana sanyi, amma kowane kamfani da nasa adadi, ki tambayi mai taya da ke filin, ki kuma zo da gejinki.

Sai ƙara. Filayen Ingila suna da maƙwabta, hukuma kuma ta sa musu iyaka. Ana auna salansa daga rabin mita, injin cc 600 mai silinda huɗu a juyi 7,000 a minti, na 1,000 a 5,500. Cadwell kan yarda da desibel 105, Brands Hatch 102, Donington kuma a ranakunta na yau da kullum tana auna 98 lokacin da kike wucewa. Salansar kamfani tana wucewa kusan ko'ina. Idan kin sa ta kasuwa, ki zo da toshiyarta da sifanar ɗaura ta. Babur da ya faɗi gwaji ba ya shiga, kuɗi kuma ba sa dawowa.

Zuwa filin, da maganar inshora

Inshorar titi ba ta aiki da zarar kin wuce ƙofar shiga kwalta. Idan kika faɗi asararki ce, idan wani ya buge ki ma asararki ce, kowa ya sa hannu a kan haka da safe. Ana sayar da inshorar wuni ɗaya ta lalacewar babur, amma kason da za ki biya da kanki yana da girma, ta fi amfani ga babur mai tsada. Babur da ake biyan bashinsa wata-wata, a yi tunani sau biyu kafin a kai shi. Kamfanonin jan abin hawa ma yawanci ba sa ɗauko wanda ya yi haɗari a filin tsere.

Saboda haka hawa babur zuwa filin shi ne mafi araha, amma idan ya lalace ba ki da abin komawa gida, kuma bayan shiga bakwai jiki a mace yake. Hayar motar kaya fam 70 zuwa 120 ce a wuni, ga man ta. Mutum biyu su raba. Akwai masu bayar da hayar babur a filin, fam 250 zuwa 400 da mai da taya, tare da ajiyar da kan kai fam 1,000 ko fiye idan an faɗi.

Ranar kanta

Rajista na farawa wajen 7:30, bayanin tsaro 8:30, wanda bai halarta ba ba ya hawa. Tsakaninsu ki kai babur gwajin ƙara da injin a ɗumame. Ki zo da tanki cike da jarka mai lita 20, don man cikin fili ya fi tsada kuma ba kowane fili ke da shi ba. Babur 600 yana shan lita 25 zuwa 35 a wuni, ƙarami wajen rabin haka. Ruwa lita uku, abinci mara nauyi. Hutun rana na kusan awa ɗaya ne, ya ishe ki salla da cin abinci. Ranar azumi ba ranar fili ba ce, ƙishirwa cikin rigar fata tana rage saurin tunani. Mai juna biyu kuma ta dakata.

Tutoci: rawaya, akwai haɗari a gaba, rage gudu, ba wucewa. Ja, an tsayar da shiga, ɗaga hannun hagu, ki koma gareji a hankali, kada ki tsaya a kan kwalta. Mai ratsin ja da rawaya, akwai santsi. Baƙa, ke ake kira, ki shigo. Mai dara-daran baƙi da fari, lokaci ya cika, ki ƙarasa zagayen ki fita. Idan wani ya faɗi a gabanki kada ki tsaya taimako, aikin masu tuta ne, tsayawarki haɗari na biyu ce.

Shiga ta farko bayan malami ake yi, zagaye biyu ko uku ba wucewa. Ki lura da inda yake bi, da inda masu tuta suke, da ƙofar fita. Daga nan, kowace shiga ki ba taya zagaye biyu ta yi zafi kafin ki kwantar da babur. Faɗuwar sababbi da yawa a zagayen farko take faruwa, musamman da safe da kuma bayan hutun rana.

Kada ki waiwaya. Wanda ke baya shi ke da alhakin wuce ki lafiya, ya bar miki tazarar kusan mita biyu. Mata da yawa, don kada su tare wa wani hanya, sukan kauce gefe ba zato, kuma wannan kaucewar ita ce haɗarin, domin mai zuwa ya riga ya zaɓi gefen da zai bi. Ki riƙe layinki. Kin biya abin da ya biya. Idan za ki fita, ɗaga hannun hagu tun da nisa ki tsaya a gefen ƙofar. Idan za ki shiga, kada ki tsallake farin layin da ya raba hanyar gareji da kwalta.

Babur yana bin ido. Idan kika ji kin shigo kwana da gudu fiye da kima, kika kafa wa tsakuwa ido, can za ki. Ki juya haɓa zuwa mafitar kwanar ki ƙara tura hannun ciki. Kusan kullum taya tana da sauran riƙo fiye da yadda zuciya ke faɗa miki. Ki matse tanki da gwiwoyi lokacin birki don nauyi ya bar hannuwa, ƙwallon ƙafa a kan mataki. Goga gwiwa a ƙasa ba shi ne manufa ba. Malaman rukunin sababbi kyauta ne, ki je ki ce a bi ki zagaye uku a faɗa miki abu ɗaya da za ki gyara. Horon mutum ɗaya na wuni kuwa yana kaiwa fam 100 zuwa 200. Idan kin fara kuskuren giya ko manta wurin birki da la'asar, ki bar shiga ta ƙarshe. Kafin ki hau titi ki mayar da iskar taya, ki cire salatif, ki ɗaura madubai.

Lissafi

Kayan jiki daga farko, idan ba ki da komai: fam 900 zuwa 2,000 sababbi, wajen 600 idan riga da takalmi na hannu ne. Gyaran babur na farko, sifirin da man birki da ƙarfen kariya: 150 zuwa 400. Waɗannan sau ɗaya ne.

Na kowace rana kuma: tikiti 120 zuwa 250, fetur 40 zuwa 55, kason taya wajen 55 zuwa 135 idan biyu za su yi miki rana uku zuwa biyar, kason takalmin birki da baƙin mai wajen 30, sufuri 50 zuwa 150, masauki 60 zuwa 90 idan filin da nisa, hotuna 30 zuwa 50 ga mai so. Babur 600 yana cin fam 350 zuwa 600 a rana; ƙaramin babur da aka hau zuwa fili na kusa yana iya tsayawa a 220. Masu zuwa Almeriya ko Kartahena a Sifen, ko Portimao a Fotugal, lokacin hunturu suna biyan kwana uku da jigilar babur, ga jirgi da otal, ga inshorar tafiya wadda dole ta ambaci hawan fili a rubuce.

Sai kuɗin faɗuwa, wanda ya kamata ya kasance a ajiye tun kafin ki biya tikiti. Ƙaramar zamewa tana cin hannun birki, matakin ƙafa, kan babur, murfin injin da robobin jiki, kuma robobin kamfani kaɗai suna iya haura fam 1,000. Murfin kare injin da robobin zamewa na fam 100 zuwa 200 suna rage wannan sosai. Masu zuwa a kai a kai sukan cire robobin asali su ajiye, su ɗaura na fili masu araha. Rigar fata ana ɗinke ta a fam 50 zuwa 150. Hular kwano kuwa idan ta daki ƙasa da kanki a ciki ta gama aiki ko da ba a ga tsaga ba, don soson cikinta sau ɗaya yake matsewa, sai ki sa kuɗin sabuwa cikin ajiyar.